Tambihi ga wanda aka ɗora wa jama'a a ranar tsanani

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin halitta, wanda ya suturta halayen bayinsa a cikin kwanakin sauƙi, sa'an nan ya tone su a cikin kwanakin tsanani. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da wanda ya bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka. Ya kai ɗan'uwana, Allah ya datar da ni da kai ga abin da yake so kuma ya yarda da shi. Ka tsayar da ni a ƙofar masallaci a nan Barnawa bayan an tashi zikiri, ka gaya mini 'yan'uwa sun ɗora maka shugabancin masu hidimar masallaci da makarantar allo da asusun gajiyayyu, mutum goma sha biyu a ƙarƙashinka. Ka ce aikin yau da gobe bai dame ka ba, ranar da gari zai rikice ita kake tsoro. Ban ba ka amsa a daren nan ba, domin harshe mai gaggawa ne, alƙalami kuwa sai an tsoma shi a tawada, a cikin ɗan jinkirin nan mutum kan tuna Allah. Ga amsar gwargwadon abin da aka buɗa mini. Abin da ya yi daidai a cikinta daga Allah ne, abin da ya karkace daga gare ni ne.

Tsoronka yana bisa hanya. Wanda ya zauna garin nan ya san rana takan ɓaci ba sallama. A watan Fabrairu na 2000 jini ya kwarara a Kaduna a kan maganar shari'a, ya sake kwarara a watan Mayu, a Nuwamba na 2002 aka koma. Tun daga nan kogin Kaduna ya zama kamar iyaka, mafi yawan Musulmi suka tattara arewa da shi, mafi yawan Kirista suka tattara kudu, mu kuwa muka wanzu a Barnawa katanga da katanga da maƙwabtan da ba addininmu ɗaya ba. A 2003 kogin da kansa ya tumbatsa ya ci gidaje. A kowace ɗaya daga cikin ranakun nan akwai ƙofar da aka buga da tsakar dare, aka ce wa mai ita: Malam, me za mu yi? To yanzu ƙofarka ce ta zama wannan ƙofa.

Ka sani, a ranar tsanani nafsu takan zo wa shugaba da wata murya mai kama da ta gaskiya. Takan ce masa: yau ba ranar tambaya ba ce, wuta na ci, wanda ya tsaya bayani gida ya ƙone. Rabin maganarta gaskiya ne, shi ya sa take halakarwa, domin lalle mai ɗauke da guga ba ya tsayawa wa'azi. Amma abin da take nufi a ɓoye shi ne tambayar ta mutu tare da wutar, kada gobe a sami mai cewa: don me ka zuba ruwan a ɗakin wane, ka bar ɗakin wane? In ta sami wannan sau ɗaya, sai ta riƙa son wuta, har ta mai da kowace rana ranar gobara. Saboda haka abin da nake yi maka wasiyya da shi guda ne, sauran duk rassansa ne: ka bar kanka a inda ake iya tambayarka, kafin ka aikata in hali ya yi, bayan ka aikata kuwa ko hali bai yi ba.

Mutanen tafarki sun san wannan da sunan muhasaba. Shehu Harisu ɗan Asadu, wanda ya rasu a Bagadaza a 243 ta Hijira, bai sami laƙabin Muhasibi ba sai don yawan yi wa kansa hisabi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505, ya keɓe mata wuri a cikin Ihya, ya kwatanta hankali da ɗan kasuwa, nafsu kuwa da abokin cinikinsa. Da safe ya gindaya masa sharaɗi, da rana ya sa masa ido, da dare su zauna su ƙirga uwar kuɗi da riba. Wannan ya wadatar da wanda ke ciniki da dukiyarsa. Kai kuwa daga yau dillali ne, kayan da ke hannunka na mutane ne: barcinsu, da 'ya'yansu, da ɗan kuɗin da tsohuwa ta kwance daga bakin zanenta. Dillali ba ya cewa na yi lissafi tsakanina da Ubangijina, ya juya wa mai kaya baya. Lissafinsa na dare ba ya cika sai ya ɗora masa na rana, a gaban mai kaya, da shaidu.

Fasali

Zan ba ka labarin wani mutum daga cikin magabatanmu na ƙasar nan, domin misalin gida ya fi shiga zuciya.

A ƙarshen shekarar 1320 ta Hijira, ranar 15 ga Maris 1903, rundunar Nasara ta ja daga a bayan ganuwar Sakkwato, a filin Giginya. Kano ta riga ta faɗi tun farkon Fabrairu. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu bai cika wata shida da sarauta ba. Aka gwabza, yaƙin bai daɗe ba, bindigogi masu aman harsashi suka rinjayi dawaki da masu, jama'a ta watse. Sarkin Musulmi ya nufi gabas da niyyar hijira, mutane masu yawa suka bi shi, malamai da manoma da mata da yara, har aka riske shi a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903, ya yi shahada tare da jama'a mai yawa, Allah ya ji ƙansu. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da waɗanda suka saura har ƙasar Sudan, suka kafa garin da ake kira da sunansa.

Waziri Muhammadu Buhari kuwa, jikan Waziri Giɗaɗo, ya sami kansa a Marnona tare da wani taron waɗanda suka fice daga birni, duk suna kallon bakinsa. Ka tsaya nan ka duba halin da yake ciki, kada ka wuce da sauri. In ya ce a bi Sarki, lokacin bazara ne, ruwa ya yi ƙaranci a hanya, guzuri babu, Nasara sun tare hanyoyi, raunana za su zube tun ba a yi nisa ba. In ya ce a koma birni, ya shigar da Musulmi ƙarƙashin hukuncin waɗanda suka kashe 'yan'uwansu jiya, a gidan da aka gina shi tun farko a kan hijira. Babu hanya ta uku. Wannan shi ne ainihin tsanani, ya ɗan'uwana. Zaɓi tsakanin alheri da sharri ko yaro ya iya shi. Wanda ke tsufar da mutum a dare ɗaya shi ne zaɓi tsakanin cuta da cuta.

Abin da ya fara yi shi ne ya tara malaman da ke tare da shi, ya sa aka buɗe littattafai. Suka auna hanya da abin da ke cikinta, suka duba abin da Shehu Usmanu ya rubuta game da halin tsoro, suka ga an yi rangwame a yi sulhu da harshe a kan al'amarin duniya, matuƙar zuciya ba ta karkata ba kuma ba a hana addini ba. A kan haka ya komo da jama'a Sakkwato. Ranar 21 ga Maris Gwamna Lugga ya naɗa Attahiru na biyu, Waziri ya ci gaba da wazirci.

Da a nan labarin ya ƙare da ban kawo maka shi ba, domin masu komawa su riƙe muƙaminsu suna da yawa a kowane zamani. Abin da ya sa na kawo shi shi ne abin da ya biyo baya. Zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya ji tsoron ko ya sayar da addininsa, har ya aika wa Alƙalin Gwandu, Ahmadu ɗan Sa'adu, yana neman a yi masa hukunci a kan kansa. Alƙali ya amsa masa da abin da ya kwantar masa da rai, a cikinsa akwai cewa in masu ilimi da masu riƙon jama'a duk suka fice, ƙasar da raunanan da ke cikinta za su rasa mai tsare musu addini. Sa'an nan Waziri ya rubuta wasiƙarsa da aka sani da Risalatul Waziri ila ahlil ilmi wat tadabburi, ya jera abin da ya faru, da abin da ya yi, da dalilinsa, da tsoron da ya ji, ya miƙa ta ga masu ilimi da lura.

Yanzu ka tambayi kanka, wa ya tilasta shi? Sarkin da ke da ikon tuhumarsa ya tafi. Sababbin masu mulki sun gamsu da shi, ba su bukatar ya kare kansa. Talakawan da ya komo da su gida godiya suke yi. Da ya yi shiru babu mai ce masa kanzil. Amma ya ɗauki kansa da kansa ya tsayar a gaban alƙali, sa'an nan ya bar takarda wadda jikokin jikoki za su karanta su ce ya yi daidai ko bai yi ba. Ni a ganina wannan takarda ta fi komawar da ya yi nauyi a mizani, Allah ne mafi sani.

In ka ce: to wane ne ya dace, Sarki ko Waziri? Sai in ce: ban isa in shiga tsakanin waɗannan biyu ba, malaman zamaninsu ma sun saɓa, akwai waɗanda suka rubuta cewa hijira ita ce wajibi. Abin da na gani shi ne kowanensu ya biya daga jikinsa. Sarki ya biya da ransa, a cikin jama'arsa ya faɗi. Waziri ya biya da barcinsa da sunansa, ya zauna a ƙarƙashin abin da ya zaɓa wa mutane har ya rasu a 1910. Babu ɗayansu da ya tura jama'a inda shi bai taka ba. Ba a yi wa shugaba alkawarin dacewa a kowane hukunci ba, kuma shari'a ba ta hana lada ga wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kuskure. Wanda ba shi da uzuri shi ne wanda ya yanke shi kaɗai, ya fake, sa'an nan ya ce kada a tambaye shi. Wasu sukan kafa hujja da cewa daga gidan nan Waziri Junaidu ya fito, wanda aka haifa a 1906, ya tsare littattafan Sakkwato da tarihinta. Haka ne, amma ni ban kafa hujja da shi ba, domin kyakkyawan ƙarshe kyauta ce daga Allah, Waziri bai san da ita ba ranar da yake Marnona.

Mas'ala

In ka ce: ai mu an koya mana muridi ya kasance a hannun shehunsa kamar gawa a hannun mai wanka, yaya kuma za a ce na ƙasa ya tambayi na sama? Sai in ce: wannan magana gaskiya ce a wurinta, wurinta kuwa shi ne maganin zuciya. Majinyaci ba ya jayayya da mai magani a kan ɗacin sassaƙe. In shehu ya ce ka rage magana, ko ka share masallaci don ya karya girman kanka, ba ka cewa don me. Amma kuɗin asusu, da hatsin sadaka, da inda ake tura samari da dare, waɗannan suna ƙarƙashin zahirin shari'a, inda ake rubutu da shaidu da rantsuwa. Wanda ya jawo rigar tarbiyya ya rufe akwatin kuɗi da ita ya ci amanar tarbiyya da ta kuɗi gaba ɗaya. Kai ma ba shehun mutanen nan goma sha biyu ba ne, ɗan'uwansu ne da suka sa a gaba. Ko da shehunsu ne, hukuncin bai canja ba.

Akwai kuma wata mafaka da ta fi wannan santsi, ita ce ƙaddara. In abu ya ɓaci sai ka ji shugaba ya riga kowa cewa haka Allah ya ƙaddara. Kalmar gaskiya ce, amma ka duba bakin da ta fito. A bakin wanda aka cuta haƙuri ce da ibada. A bakin wanda ya yi sakaci, kafin ya ce na yi sakaci, murfi ce. Ladabi shi ne ka danganta kuskure ga kanka, ka bar wa wanda abin ya shafa shi ya ambaci ƙaddara in Allah ya ba shi iko.

Ba mu fi sahabbai ba. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya aiki Ibnu Lutbiyya karɓar zakka, da ya komo ya yi masa lissafi, ya kuma hana shi abin da ya ware da sunan kyautar da aka yi masa, domin da yana zaune a gidan iyayensa kyautar ba za ta same shi ba. Sayyadina Umaru kuwa, Allah ya yarda da shi, a shekarar fari da ake kira shekarar toka, 18 ta Hijira, lokacin da mutanen ƙauye suka kwararo Madina da yunwa, ya haramta wa kansa man shanu da nama har mutane su samu, ya dawwama a kan gurasa da man zaitun har launinsa ya canja. Ya rubuta wa gwamnoninsa, ayarin abinci ya taho daga Sham. Ka lura, cikin Umaru shi ne littafin lissafinsa na farko, kowa na iya karanta shi a fuskarsa. Shugaban da ya yi ƙiba a shekarar da jama'arsa ta rame, ko ya kawo takardu buhu guda ba za a gaskata shi ba.

Zan gaya maka nawa, don kada ka zaci daga kan tudu nake yi maka magana. A ruwan 2003 an ba ni rabon hatsin da wasu bayin Allah suka kawo don waɗanda gidajensu suka rushe. Mutane sun fi buhunan yawa. Wani dangin matata ya zo, ruwa ya shiga gidansa amma bango bai faɗi ba, na auna masa kamar yadda na auna wa waɗanda suka rasa kome, na ce a raina ai shi ma ruwa ya taɓa shi. Da yamma hatsi ya ƙare, wata gwauruwa mai 'ya'ya ta koma da kwarya wofi. Wani yaro daga cikin masu taya ni awo, almajiri ne da bai kai ɗan cikina ba, ya ce: Malam, mudun wane fa? Na daka masa tsawa, na ce ba a koya masa ladabi ba. Bai ƙara magana ba, kuma bai ƙara zuwa awo ba. Hatsin na biya shi daga baya daga gidana, wannan mai sauƙi ne. Abin da ban iya biya ba shi ne bakin yaron da na rufe, domin sauran sun gani, daga ranar kuwa duk abin da na yi sai su ce madalla. Na shekara ina jin madalla ina zaton na gyaru, alhali madubina ne na fasa. Ina neman gafarar Allah.

Fasali

Akwai hisabi na bayan aiki, wanda ya fi na kuɗi wuya, shi ne shugaba ya tsaya a gaban waɗanda ya ja ya ce musu hanyar da na ja ku ba ita ba ce. Misalinsa yana garin nan. Imamu Muhammadu Ashafa da Fasto James Wuye kowanensu yana gaba a cikin samarin addininsa a rikicin 1992. Fasto ya rasa hannunsa na dama. Imamu ya rasa malaminsa, tsoho ma'abucin tasawwufi, da 'yan'uwansa biyu. A 1995 wani ɗan jarida ya haɗa hannuwansu, suka fara magana kowa da abin da ke ransa. Imamu ya faɗa cewa huɗubar Juma'a ce ta karya shi, wadda aka ambaci yadda Annabi ya yi wa mutanen Ɗa'ifa addu'a bayan sun jefe shi. Fasto ya faɗa a bainar jama'a cewa ya yi shekaru yana tafiya tare da Imamu alhali niyyar ramuwa ba ta bar zuciyarsa ba. Suka kafa cibiyar sulhu tsakanin addinai a Kaduna, kuma da hannunsu a cikin yarjejeniyar zaman lafiya da shugabannin addini 22, rabi Musulmi rabi Kirista, suka sa wa hannu ranar 22 ga Agusta 2002, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi.

Ba zan ɓoye maka ba, wata uku bayan sa hannun nan gari ya sake kamawa. Takarda ba ta kashe wuta. Abin da nake so ka ɗauka daga wurinsu shi ne ba su ce samari ne suka yi ba, ba su ce mu ma an cuce mu ba suka tsaya a nan, ko da yake an cuce su. Sun ce mu ne muka ja, sa'an nan suka koma wurin mutanensu suna warware abin da suka ƙulla, suka jure zargin nasu na gida, wanda ya fi na waje ciwo. Babba juji ne, haka Hausawa suka ce, amma ba kowa ke tuna cewa sharar da ta fi wari ta cikin gida ce ba.

Wannan zai same ka. Ranar da jita-jita ta shigo unguwa cewa an ƙone wuri kaza a hayi, samari za su cika ƙofarka, idanu jajaye, ba shawara suka zo nema ba, izini suka zo karɓa. In ka ba su za su ɗauke ka a kafaɗa, in ka hana su za su kira ka matsoraci, wani ma ya ce an saye ka. A nan ne halinka zai fito, hali kuwa zanen dutse ne, ba a sassaƙa shi ranar bukata. Ka zaunar da su. Ka tambayi wanda ya kawo labarin ko da idonsa ya gani, ka aika mutum biyu masu hankali su tabbatar, ka kira dattijon maƙwabtanmu Kirista wanda ya kamata a ce lambarsa tana wayarka tun yau. Sa'an nan ka faɗa musu a sarari: ni na hana, in hanin ya zama kuskure a wuyana yake, gobe ku tara dattawa ku tambaye ni. Mutum ya fi jure hanin wanda ya yarda a tuhume shi.

Game da mutanenka goma sha biyu kuwa, kada ka ɓoye musu mugun labari don tausayi, domin za su ji shi a bakin wani, daga nan kuma ko labari mai daɗi ka kawo ba za su karɓa ba. In ba ka sani ba ka ce ban sani ba. In ɗayansu ya yi kuskure a kan aikin da ka sa shi, a gaban jama'a kuskuren naka ne, kai ka zaɓe shi, a cikin zaure kuma ku biyu ka gyara shi. In abu ya yi kyau ka ambaci sunan wanda ya yi. Gajiya da yunwa da rashin barci za su kaifafa harshenka, ka san da haka tun yanzu, in ka ji zafi ya taso ka sake alwala kafin ka buɗe baki. Kada ka bar wuridinka a kwanakin nan da sunan aiki ya yi yawa, ko da gajarta shi za ka yi, domin wanda ya daina tsayawa a gaban Ubangijinsa da dare ba ya daɗewa yana yarda ya tsaya a gaban mutane da rana. In an yi rabo, kasonka da na danginka ya zama na ƙarshe, wani kuma ya auna shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun gari yana lafiya ka duba cikin mutanenka ka sami wanda ba ya jin nauyin faɗa maka gaskiya, ko da shi ne ƙaraminsu, ko da maganarsa ba ta da daɗi, ka ce masa a gaban sauran: na ba ka izini ka tambaye ni don me, a kowane lokaci, kuma in na yi maka tsawa ku tuna mini daren nan. Ka ba wani littafin asusu, ka ba wani mabuɗin akwati, kada su haɗu a hannu ɗaya, balle hannunka. Kowane wata a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita bayan sallar Juma'a, ko da mutum uku ne suka tsaya ji. Littafin da aka miƙa maka kuwa, ka kawo shi ranar Alhamis bayan la'asar mu duba tare kafin ka sa hannu a kansa, ka zo da mutum na uku.

Allah ya tsare garinmu da mutanensa, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Tammat bi hamdillahi.